Sahu Ɗaya, Gida Biyu

Laraba, bayan sallar Azahar

Ina farawa da sunan Allah, wanda babu abin da ke ɓacewa daga iliminSa, ko da ya ɓace wa bayinSa.

Ban saba rubuta al'amuran gidana ba. Shekaruna sun tafi a kan rubuta abin da malamai suka faɗa, ba abin da zuciyata ke faɗa ba. Amma tun ranar da motar nan ta tashi daga nan Batsari ta nufi Runka, aka tsinci motar a gefen hanya ba a tsinci mutanenta ba, na rasa wanda zan gaya wa magana ba tare da na ƙara masa nauyi ba. Takarda kuwa ba ta kuka.

Ɗana na fari yana cikin motar. Bakina bai saba da sunansa ba, bisa tarbiyyar da muka tarar, kuma alƙalamina ba zai riga bakina ba. Zan riƙa cewa yaron, ko da yake magidanci ne, da matarsa da 'yarsa, kuma malami ne da ke koyar da ilimin kwamfuta a wata makaranta a Katsina. Hutu ya zo yi. Wani abokinsa ya roƙe shi ya je ya haɗa masa irin na'urar ban-ruwan da ya haɗa mini a garka, shi ne ya tafi.

Alhamis, da hantsi

Masu jaje ba su yanke ba. Kowa ya zauna sai ya tambayi gajiya da zafi da iyali, sannan ya yi shiru a daidai wurin da ya kamata ya tambayi abin da ya kawo shi. Ni ma ina amsawa, lafiya lau, alhamdu lillahi. Rahma, matar yaron, ta aiko da kunu zaure. Na mayar da shi yadda ya zo, ta sake aikowa.

Juma'a, bayan La'asar

Yau na shiga garka, karo na farko tun da abin ya faru. Na tarar da gindin kowace bishiya a jiƙe. Na'urar ba ta san mai ita ba ya nan ba.

Bishiyoyi goma sha biyu ne, sahu uku, kowane sahu huɗu. Shi ya dasa su a bara. Ya kafa tanki kusa da rijiya, ya ja bututu zuwa gindin kowacce, ya ajiye wata 'yar na'ura cikin gwangwani a ƙarƙashin tankin, wadda ba ta fi akwatin ashana biyu girma ba, tana cin wutar sola. Kowace safiya sai ta buɗe wa bishiyoyin ruwa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da yarenta na asali ya yi mata magana, wanda babu komai a cikinsa sai lambobi da gidajen ajiya.

Na tuna ranar da na tsaya a kansa yana durƙushe gabanta, na ce, "Wai ita wannan abar, ta yaya ta san sahu?"

Ya ce, "Ba ta sani ba, Baba. Kai ne kake ganin tsawo da faɗi. Ita ƙwaƙwalwarta zare ɗaya ce, gida na bin gida, babu kwana."

Na ce, "To makauniya ka ɗauka aikin ban-ruwa ke nan."

Ya yi dariya, ya miƙo hannu biyu. "Ara mini carbinka." Na ba shi. Ya ce, "Ga ƙwaya casa'in da tara a zare ɗaya. Amma kai kashi uku kake jan su. In kana son wata ƙwaya a kashin tsakiya, ba sai ka tsallake talatin da uku tukuna ba, sannan ka ci gaba? Haka take yi. Na jera mata bishiyoyin a zare, sahu bayan sahu. In na ce mata sahu kaza, gida kaza, sai ta ninka lambar sahun sau huɗu, ta ƙara lambar gidan, ta tsallake wannan adadin. Inda ta sauka, nan ce bishiyar."

Na ce, "Ashe abin da kuke zuwa jami'a ku koyo yana aljihuna tun kafin a haife ka."

Ya ce, "Shi ya sa nake cewa a ba ka digiri, Baba, ni kuma ka bar mini zauren da ɗaliban."

Ana cikin haka 'yarsa Nana Hadiza ta shigo da gudu, sai ya ɗaga murya ya ce, "Sifili, kar ki taka mini bututu!" Raina ya ɓaci. Sunan mahaifiyata ne a kan yarinyar nan. Na ce masa ba a kiran ɗan Musulmi da babu. Ya ce, "Baba, bari in yi maka bayani, a wurinmu sifili…" Na ce ba na bukatar bayani. Aka kira salla, muka fita.

Ban san abin da ya sa na rubuta wannan duka ba. Wataƙila domin ita ce dariyarsa ta ƙarshe da nake iya ji da kyau.

Asabar, da almuru

Babu labari. Na'urar ta shayar.

Lahadi, bayan Azahar

Armaya'u ya zo daga Safana a kan babur. Ɗan rugar da ke gabas da garin ne, ya yi karatu a zaurena yana matashi, yanzu yana dillancin shanu. Nasa garken ma ya tafi tun shekarun baya, ta hanyar da motar nan ta bi. Ya ce wani ya ba wani lambarsa, har waɗanda suka tare motar suka kira shi.

Sun ce yaron yana hannunsu. Sun faɗi abin da suke so. Ba zan rubuta shi ba.

Na ce, "To su ba shi wayar mana, in ji muryarsa."

Armaya'u ya sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, na nema. Sun ce inda aka ajiye su waya ba ta shiga, sai an hau dutse. Wai saƙo dai za su iya kaiwa, su kawo amsa."

Talata, da hantsi

Wani mutumin Wagini da ke cikin motar ya fito. Allah Ya kuɓutar da shi, ƙafafunsa a kumbure. Ƙanena Daudu ya je ya gaishe shi, ya dawo ya zauna a gabana ya kawo mini abin da ya ji.

Mutumin ya ce a tafiyar farko cikin daji, ya ga mai tabarau ya faɗi. Ya ji ƙara a bayansa. Bai waiwaya ba, domin an hana su waiwaye. Daga nan aka raba su, bai sake ganinsa ba.

Yaron ne kaɗai mai tabarau a motar.

Daudu ya ce, "Yaya Malam, kai ka koya mana haƙuri. Mutanen nan sun saba sayar wa iyaye wanda ya riga ya tafi. Kar mu tayar da dangi daga nan har Yasore, kowa ya fitar da abin da zai ci da damina, a kan wanda ba ya nan. Ga yarinyar mutane a ɗaki, ba ta san matsayinta ba."

Na ce masa a shari'a, wanda aka san shi da rai ba a hukunta mutuwarsa da zato, kuma wanda bai waiwaya ba bai gani ba. Na sha karantar da babin wanda ya ɓace, na san zantukan malamai a kansa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa sanin cewa babin yana da nauyi a ƙirji ba.

Laraba, bayan La'asar

Dattawan unguwa sun taru a zaure. An tsaya a kan magana ɗaya: a aika da tambayar da babu mai iya amsa ta sai shi. In amsa ta zo daidai, dangi su tashi tsaye. In ta zo ba daidai ba, Armaya'u ya kashe wayarsa, mu shimfiɗa tabarmi mu karɓi gaisuwa. Na amince a gabansu, da bakina.

Na so tambayar ta zo masa da ƙamshin gida, ya san daga wurina ta fito. Saboda haka na ari irin lafazinsa, na ce wa Armaya'u, "Ka ce a tambaye shi: a garkar bayan gida, sahu ɗaya, gida biyu, wace bishiya ce?"

Amsar kuwa Daudu kaɗai na raɗa wa. In ka tsaya a ƙofar garka, sahun da ke gabanka shi ne na farko. Ka fara daga dama, kamar yadda Musulmi ke fara kowane abin kirki, kamar yadda nake fara wannan layin da nake rubutawa da ajami: dabino, sai lemo. Lemo ce.

Alhamis, bayan Asuba

Ya Allah, lemo.

Asabar, da rana tsaka

Shiru. Rahma ta daina aiko da kunu, ta koma aiko da Nana Hadiza da shi, domin ta san ba zan iya mayar da yarinyar da kwano cike ba. Ta zauna tana kallona har na shanye. Ta ce, "Malam, yaushe Abbana zai dawo?" Na ce mata ta je ta kai kwanon.

Litinin, da yamma

Na buɗe zaure domin ɗalibai. Na karanta layi guda sau uku, suna ta kallon ƙasa. Na sallame su.

Laraba, bayan Azahar

Armaya'u ya zo. Ya cire takalmi, ya gaishe ni doguwar gaisuwa, wadda ta fi ta kullum tsawo, sai na san bai san ko alheri ya ɗauko ko akasinsa ba.

Ya ce, "Sun ce wai gwanda."

Daudu ya rufe fuskarsa da hannun riga. Da ya buɗe sai ya ce, "Wane gida ne babu gwanda a ƙasar nan? Kintata suka yi, la'anannu."

Na yi istirja'i, na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce wa Armaya'u ya bar wayar a kunne zuwa bayan Juma'a, ba domin komai ba, sai domin in sami bakin da zan gaya wa Rahma. Ranar Asabar za a shimfiɗa tabarmi.

Yaron ne ya dasa lemon nan da hannunsa. Ba zai manta ba.

Alhamis, da almuru

Daudu ya aro tabarmin masallaci, an jingine su a zaure. Ban fita ba. Na ɗauki carbi, na ajiye.

Juma'a, da hantsi

Zan rubuta komai yadda ya faru, domin kada gobe in ce mafarki na yi.

Bayan gari ya waye na shiga garka na aika a kira Rahma. Ta zo ta durƙusa daga nesa, ta gaishe ni. Na fara da abin da ake farawa da shi, na ambaci haƙuri da ladansa, na ce an yi tambaya, amsa ba ta zo daidai ba, kuma gobe za ta shiga takaba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, ka gafarce ni. Wace tambaya aka yi masa?"

Babu wanda ya ga dacewar a gaya mata, har ni. Na faɗa mata tambayar, da amsar da nake jira, da amsar da ta zo.

Ta ɗago kai, abin da ba ta taɓa yi a gabana ba. "Haka aka faɗa masa? Sahu ɗaya, gida biyu? Ba a ce sahun farko ba?"

Na ce, "Haka na faɗa, irin yadda yake faɗa."

Ta ce, "Baba, ka san abin da ya sa babanta yake kiran yarinyar nan Sifili?"

Na ce wannan ba lokacin maganar ba ne.

Ta ce, "Wallahi lokacinta ne, Baba. Don ita ce ta fari. A aikinsu ba sa fara ƙirga daga ɗaya. Ya ce lambar ba matsayi take faɗa ba, tana faɗin nawa aka tsallake kafin a iso. Na farko ba a tsallake kowa ba, shi ya sa yake sifili. Mutumin da ko ƙwai ya ƙirga mini sai na bi bayansa na sake, kullum da ragin ɗaya! In ka yi masa magana da yaren na'urarsa, da shi zai amsa maka." Sai ta ƙara da cewa, "Kuma ba daga dama yake farawa ba. Daga wajen rijiya yake farawa, inda bututun ya shigo."

Rijiya tana hagu.

A daidai lokacin gwangwanin ya yi ɗan ƙara, ruwa ya fara tsiyaya. Na sha ganin gindin bishiyoyin a jiƙe, amma ban taɓa tsayawa na ga inda ruwan ke farawa ba. A gindin mangwaro ya fara, can ƙarshen hagu. Na ciro carbina. Sahu ɗaya, sau huɗu, huɗu ke nan. A ƙara biyu, shida. A tsallake shida, a sauka.

Mangwaro, na ja ƙwaya. Gwaiba, na ja. Lemo ta sha nata, na wuce ta, ni da na kwana ina roƙon Allah da sunanta. Dabino. Sai ruwan ya bar sahun ya komo wajen rijiya, ya kama sahu na tsakiya. Na ja ta biyar. Na ja ta shida. Yatsana ya tsaya a kan ƙwayar da ke biye, ina jin Rahma tana salati a bayana.

Ruwan ya fito a gindin gwanda.

Juma'a, bayan La'asar

Bayan an sauko daga masallaci na tsayar da dattawa, na ce na janye maganata. Ban taɓa yin haka a gabansu ba. Na yi musu bayani da carbi a hannu, wasu suka gane, wasu suka dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohon da baƙin ciki ya taɓa.

Daudu ya ce, "Yaya Malam, ina girmama ka. Amma bishiya goma sha biyu ce kacal. In ka ƙirga ta dama ba ta yi ba, ka ƙirga ta hagu, ka fara daga babu, ai dole wata rana ka faɗa kan gwanda. Mu ma muna son yaron nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ce masa gaskiya ya faɗa. Da wani ne ya kawo mini irin wannan hujja a shari'a, da na nemi shaida na biyu. Na ce to a ba ni tambaya ɗaya tak. Wannan karon na faɗi amsar a gaban kowa tun kafin a aika: mangwaro.

Na ce wa Armaya'u, "Ka ce a tambaye shi: sahu sifili, gida sifili."

Ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan tambaya ce ko addu'a? In na faɗa musu haka za su ce raina musu hankali nake yi. Tun wancan karon sun ce sun gaji da hawa dutse."

Na ce, "Shi ya sa na zaɓe ta. Duk wanda ba shi ba, zai ce babu irin wannan wurin."

Ya daɗe yana juya wayar a hannunsa. Sannan ya ce, "To, Malam. In sun zage ni, na bar maka ladan."

Tabarmin suna nan a jingine. Daudu ya ce ba zai mayar ba tukuna.

Asabar, da hantsi

Wasu daga Yasore sun iso domin gaisuwa, labarin janyewar bai kai musu ba. Na rasa fuskar da zan tarbe su da ita. Aka ba su ruwa, suka zauna, ba su san ko su yi ta'aziyya ko su yi jaje ba.

Lahadi, da yamma

Shiru. Idan na fusata mutanen nan da tambayata fa? Idan yana raye ranar Laraba, yau kuma…

Ba zan ƙarasa wannan layin ba.

Litinin, bayan Asuba

Na tsaya a garka har ruwan ya zagaye. Daga hagu. Kullum daga hagu, ni kuwa ban sani ba.

Talata, bayan Azahar

Na ji babur tun daga bakin kasuwa na san nasa ne. Armaya'u ya shigo zaure da takalminsa a ƙafa, bai yi sallama ba sai da ya kai tsakiya, sannan ya tuna ya koma baya ya yi.

Ya ce, "Malam! Sun ce mutumin naku ya yi ta dariya har suka zaci ya zautu. Ya ce mangwaro. Ya ce wai a gaya wa Baba digiri ya tabbata. Kuma a gaishe masa da Sifili. Ni dai ban gane ko ɗaya ba, yadda aka ba ni na kawo."

Ban san lokacin da goshina ya kai ƙasa ba. Da na ɗago, na ga Daudu ya tashi, ya rungumi tabarmin nan gaba ɗaya, yana tafe suna zamewa, yana gyarawa, hawaye na bin gemunsa. Daga ƙofa ya juyo ya ce, "Gobe da sassafe ina Yasore. Duk wanda ke da jininmu sai ya ji."

Yaron bai dawo gida ba tukuna. Yana can inda yake, hannun waɗanda yake hannunsu, kuma abin da ke gabanmu yana da tsawo, ban san ƙarshensa ba. Amma ba a shimfiɗa masa tabarma ba, kuma wayar Armaya'u tana kunne.

Sammani yana raye.

Na rubuta, na duba, alƙalamin bai ƙi ba.

Talata, kafin Magariba

Nana Hadiza ta kawo kunu, ta ajiye, ta juya za ta tafi. Na ce, "Sifili."

Ta tsaya cak. Ba ni ta kalla ba. Ƙofar zaure ta kalla.